Firizar sola da na saya lokacin takunkumi: ra'ayina a kanta

Ƙanƙara da zoɓo da lamurje nake sayarwa a Maradi, don haka ranar da babu wuta, babu ciniki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya kuma ta yanke wutar da take sayar mana, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar. Mu layin Katsina ne ke ba mu. Zoɓo ya yi ta tsami a hannuna ina zubarwa, har na fasa adashena na sayi firiza mai aiki da hasken rana.

Lita 200 ce, da faifan sola biyu da batir ɗaya. Ta yi tsada ƙwarai. Mai shagon ya ce min, "Hajiya, gadar Malanbil da ke iyakarmu da Benin a rufe take, kaya ta Lome da Burkina suke zagayowa." Gaskiyarsa ce.

Da rana ba ni da abin cewa sai godiya. A tsakiyar zafin Afrilu, in na jera ledojin ruwa sahu biyu da hantsi, zuwa dare sun daskare kamar dutse. Ba ta da ƙara, ba ta shan mai. Amma kada a cika ta maƙil, injinta ƙarami ne, na tsakiya ba sa kamawa. Da hunturu kuma sai an goge faifan kullum, don ƙura kaɗan ta isa ta rage mata ƙarfi. Babban rauninta batir ne: in hadari ya wuni a sama da damina, kafin asuba ƙanƙarar ta fara sakin ruwa. Da na koka, mai shagon ya zo da kansa ya gyara zaman faifan, bai karɓi ko dala ba.

Maza a majalisar ƙofar gida suna ta musu, wasu na kare dimokuraɗiyya, wasu na yabon ƙawancen AES da Nijar ta ƙulla da Mali da Burkina. Ni ban goyi bayan juyin mulki ba, amma abu ɗaya yana ci mini rai har yau. Turai ta sa wa Rasha takunkumi saboda yaƙin Yukren, duk da haka ta ci gaba da sayen iskar gas ɗinta don kada mutanenta su sha sanyi. Mu kuwa cikin mako guda aka bar mu a duhu, da mai jego da majinyaci da mai ƙaramar sana'a, kuma har aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 ba a maido da Bazoum ba.

'Yar'uwa, in za ki saya, ki ƙara kuɗi ki ɗauki batirin litiyam, kuma ki sa a rubuta miki garanti a takarda kafin ki biya.