Sharhi: Tanar roba ta Senko ga mai fatsar kifin bas daga gaɓa

Mai fatsa daga gaɓa a tafkunan Amurka yana da matsalar da mai kwalekwale ba shi da ita. Duk abin da ya jefa, dole ya jawo shi daga zurfi zuwa tudu, ta cikin ciyawa da duwatsu da rassan da ruwa ya cinye, kuma in ya maƙale babu damar zagayawa ta baya a ciro shi. Da wannan nake auna kowane abin yaudarar kifi, da shi kuma na auna tanar roba ta Senko mai tsawon inci 5, wadda mai ƙera kayan fatsa Gary Yamamoto ya fito da ita tun shekarun 1990. A ganina ita ya kamata mutum ya fara saye kafin komai, matuƙar ya san iyakarta.

Kifin da ake nema shi ne bas mai babban baki. Kwanton ɓauna yake yi kamar giwan ruwa, sai dai bai kai ta girma ba. Wanda wani mai fatsa George Perry ya kama a jihar Jojiya ta Amurka a 1932, da har yau ake kafa misali da shi, kilo 10 ne da ɗan ɗoriya. Yakan laɓe a gindin kututture, ƙarƙashin bado, ko inuwar gada, sau da yawa cikin ruwan da bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Wato yana zaune daidai inda ƙugiya ke maƙalewa.

In ka zaro tanar daga leda, ba ta da wutsiya, ba ta da wani ado, doguwar roba ce kawai mai kaurin biro. Murza ta tsakanin yatsu, za ka ga farin gishiri yana tasowa. Gishirin nan shi ne ya ba ta nauyin kusan giram 10, har ake iya jefa ta nesa ba tare da dalma ba. In ta faɗa ruwa, a kwance take nitsewa sannu a hankali, bakunanta biyu suna karkarwa. Kusan duk kifin da za ka kama, cikin wannan nitsewar zai ɗauke ta, shi ya sa ɗaurin da zai hana ta karkarwa ɓata kuɗi ne.

Ɗaurin da na fi yarda da shi daga gaɓa shi ne wanda ake kira ɗaurin Teksas. Ana amfani da ƙugiya mai faɗin ciki da lanƙwasa kusa da ido, lamba 3/0 ko 4/0. Soka tsinin a tsakiyar kan tanar, ya shiga kamar milimita 6, ka fito da shi ta gefe. Tura tanar sama har ta hau lanƙwasar ta rufe ƙullin, sannan ka juya ƙugiyar tsininta ya fuskanci jikin. A nan mutane suke kuskure: kafin ka sake sokawa, jingina ƙugiyar a gefen tanar ka ga daidai inda cikinta ya tsaya, ka riƙe wurin da farce, ka huda a nan. Tsinin ya fito ta baya ya kwanta, sai ka ɗan ja robar ka ɓoye kansa ƙarƙashin fata. Ɗaga zaren ka duba. In tanar ta miƙe sambal, an gama. In ta ɗan karkace, cire ka sake, domin karkatacciyar tana juyawa take yi yayin jawowa, ta murɗe zare har ya riƙa cukurkuɗewa a kwarkwaro, kifi kuma ba ya kula ta.

Ɗauri na biyu shi ne na tsakiya, wanda Amurkawa ke ce wa waki. Ana saƙala ƙaramar ƙugiya lamba 1 ko 1/0 a tsakiyar tanar, gefe biyu su rataye. Ya fi na Teksas jawo kifi a ruwa mai tsabta, kuma da wuya kifi ya kuɓuce tunda tsinin a buɗe yake. Amma don haka ɗin ma yake kama duk ciyawar da ya taɓa, sai a bakin gada ko gefen ciyawa inda fili yake. Kada ka huda robar kai tsaye. Sa mata ƙaramin zoben roba a tsakiya, ƙugiyar ta bi ta ƙarƙashin zoben.

Zoben nan yana da dalili. Duk tana mai taushi da gishiri mai yawa saurin yagewa take yi, kifi ɗaya ko biyu ta tashi daga aiki, leda kuwa guda 10 ce. Taushin da ke sa ta karkarwa shi ne ke sa ta yagewa, ba a raba su. Na gwada wata mai arha da aka kwaikwaya, ta fi ƙarko ƙwarai, amma sandarewa take yi ta nitse da kai, kifi bai cika waiwayarta ba. Abin da ke rage asara shi ne, in kan ya yage a ɗaurin Teksas, yanke santimita ɗaya ka sake sokawa, in ya ƙara yagewa ka mayar da ita ɗaurin tsakiya. Kuma kada a bar ƙugiya a jikinta a ajiye, gishirin yana sa tsatsa cikin 'yan kwanaki.

Sanda mai tsawon ƙafa 7, matsakaiciyar ƙarfi, ta wadatar. Zaren fulorokabon, wani zaren roba garai-garai, mai ɗaukar laba 10 zuwa 12 ya fi dacewa domin nitsewa yake yi tare da tanar. A jiƙa ƙullin da yawu kafin a ja shi, in ba haka ba zafin gogayya zai raunana shi ya tsinke a bakin ƙugiya. Launi biyu sun isa: kore mai duhu da baƙin ɗigo, lamba 297 a jerin launukan Senko, don ruwa mai tsabta, sai baƙi mai ɗigon shuɗi in ruwa ya gurɓace.

Wajen jifa, tsaya baya kaɗan daga bakin ruwa, ka fara da kusa, kana jefawa a tsawon gaɓar maimakon tsakiyar tafki. In ta faɗa, bar zaren da ɗan sako-sako, ka zuba masa ido. Ba kullum ake jin cizo a hannu ba. Zaren ne zai ɗan zabura, ko ya fara tafiya gefe shi kaɗai. Naɗe sakon har ka ji nauyi, sannan ka fizga sama da ƙarfi in ɗaurin Teksas ne, domin sai tsinin ya huda robar kafin ya kai ga bakin kifin. In ɗaurin tsakiya ne, ɗaga sanda kana naɗewa ya isa. Kada ka jinkirta: bas ba ya saurin tofar da tana mai gishiri, haɗiye ta yake yi, ƙugiya ta shige maƙoshi, wanda kuma aka yi niyyar sakewa zai iya mutuwa. Ƙananan tsattsaga masu sauri a wutsiya kuwa ƙananan kifaye ne, ba a fizga musu.

Inda ta gaza shi ne iska da zurfi. Iska mai ƙarfi tana lanƙwasa zaren ta ja tanar daga wurin da aka jefa ta, kuma a ruwan da ya wuce mita 3 jiran nitsewarta cin lokaci ne. A nan sai a zura dalma mai siffar harsashi, giram 3.5 zuwa 7, a gaban ɗaurin Teksas, duk da cewa karkarwar za ta ragu. Ranar da iska ta kaɗa ruwa ya yi duhu, na fi son abin yaudara mai cokula masu juyawa, na giram 10, fari, wanda wayarsa ke kare ƙugiyar daga rassa. Kifin roba mai dogon baki da ke nitsewa zurfi kuwa, mai ƙugiyoyi masu kai uku, na masu kwalekwale ne; daga gaɓa, yana isowa gangaren tudu zai caki ƙasa ya maƙale.