Dutse ɗaya tak ɗana ya ɗauka a Sikotland

Jama'a barkanmu da warhaka. Wallahi abin da ya same ni ran Asabar har yanzu yana min yawo a rai. Na kai yara wata tsohuwar hasumiya da ake kira Smailholm kusa da garin Kelso, gidan dutse ne dogo a kan tsauni, dangin Pringle suka gina shi tun ƙarni na 15 lokacin da ɓarayin shanu suka addabi iyakar Sikotland da Ingila, shi ya sa kaurin bangon ya haura mita 2, tagogi 'yan mitsi-mitsi, matakala kuma a murɗe take ga matsi, ga iska mai shiga ƙashi, motar haya ma ba ta kaiwa wajen sai da muka nemi tasi.

Muna fitowa ƙaramin ɗana ya tsinci wani ɗan dutse a gindin katanga ya sa a aljihu, ni ko a jikina. Sai ga wata tsohuwa, ba ma'aikaciya ba ce fa, ita ma kallo ta zo, ta ce bawan Allah don Allah a mayar da shi inda aka ɗauko. A gaban 'ya'yana! Kunya ta rufe ni, na ji haushi da farko, na ce a raina dutse ne fa ba zinari ba. Amma matar nan ta tsaya ta min bayani a tsanake, cewa akwai dokar 1979 da ta sa ɓata wurin tarihi da aka yi wa rajista laifi ne, ko tono za ka yi sai da izinin hukumar kula da wuraren tarihi ta ƙasar, wato Historic Environment Scotland, kuma in za su yi gyara ba sa kai siminti kusa, sai irin kwaɓin da aka yi ginin da shi tun asali don siminti yana riƙe danshi ya cinye dutsen.

Ni kuwa badalar Kano ce ta faɗo min. Ganuwar da aka aza tun zamanin Sarki Gijimasu, ta girmi hasumiyar nan da shekaru kusan 300, mu muka mayar da ita bola da wurin kafa shago, ba wani ya zo ya yi mana ba. Ni kaina ina yaro na sha ɗebo ƙasarta a kwano muna yaɓen ɗaki, babu babban da ya taɓa cewa kai bari.

Yaya don Allah in ka fita gobe ka ɗauko min hoton ɓangaren ganuwar da ke bayan gidanmu, ina so in nuna wa yaran in da saura.