Tsohon ginin banki ko sabon zaure, ga liyafar mutum 200

Hajiya, kin tambaya wanne za ki kama haya don liyafarki, tsohon ginin banki ko sabon zaure. Ki ɗauki tsohon bankin da aka gyara, in dai mutanenki ba su haura 200 ɗin da kika ce ba.

Irin waɗannan gine-gine an yi su ne don mai kuɗi ya shigo hankalinsa ya kwanta: ginshiƙan dutse, daɓen mabul, rufi mai kubba can sama. Zauren taro na Gotham Hall da ke New York ma bankin Greenwich Savings ne da aka kammala a 1924. Wuri irin wannan ba ya cin kuɗin ado. A sa fitilu a gindin ginshiƙai suna haska sama, a jera furanni a kan tsohon kanta, an gama. Sabon zauren yana da sanyi da wurin ajiye motoci, amma akwati ne mai farin fenti, abin da kika rage a haya mai ado zai cinye.

Babban ciwon bankin amsa-kuwwa ce, don dutse ba ya shan sauti. Mai sauti ya kafa manyan lasifika biyu ya ƙure murya, jawabi ya koma kamar daga rijiya. A rarraba ƙanana shida zuwa takwas, a sunkuyar da su kan mutane, a rage ƙara, a rataya labule mai kauri a bangon da ke fuskantar mai magana.

Sai kicin. Ba a gina banki don girki ba, saboda haka mai abinci ya je da kansa ya ga ƙofar shigar da kaya, ya tambayi nauyin da wutar za ta ɗauka in an haɗa na'urorin ɗumama abinci da fitilu. Banɗaki sau da yawa a ƙasa yake, ki duba ko akwai lif saboda tsofaffi. Ginin tarihi kuma galibi ba a buga masa ƙusa, ba a manna salatif a daɓe. Ruwan lemon tsami yana cin mabul, kuma daga kuɗin da kika ajiye wa masu ginin za a cire gyaran. Ɗakin taskar kuɗin ya yi kyau da hoto, sai dai ba iska, wayar ma ba ta samun sabis, kuma a tabbata an ɗaure ƙofar a buɗe.

Ki yi hattara da dillalai. Za su ce wurin yana cin 400, alhali lissafin mutane a tsaye ne. Zama a teburi yana son kusan murabba'in mita 1.2 ga kowane mutum, wato 240 a naki, ban da dandamali da kujerun da ginshiƙi ya kare. Ki nemi takardar hukumar kashe gobara mai nuna adadin da aka yarda, ki je ki duba wurin tun da wuri a daidai irin lokacin da za a yi taron, kuma kada ki biya kafin alƙalami sai an rubuta awannin shigar da kaya da kwashe su a yarjejeniya.