Sharhi Kan Darussan “Justice” Na Farfesa Michael Sandel

Daga cikin abubuwan da na kalla a YouTube kan falsafa da manufofin gwamnati, babu wanda ya sa ni tsayawa in binciki dalilan da nake kafa ra'ayina a kansu kamar jerin darussan “Justice” na Farfesa Michael Sandel, malamin falsafar siyasa a Jami'ar Harvard ta Amurka. An fitar da su a 2009 tare da haɗin gwiwar gidan talabijin na WGBH da ke Boston, kashi 12 ne, kowanne bai cika awa ɗaya ba, kuma kyauta ne ga duk mai data.

Duk da sunan darasi da aka ba su, tattaunawa ce tsakanin malami da ɗaruruwan ɗalibai a zauren Sanders na jami'ar. Sandel yakan kawo matsala, ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu, sannan ya zaɓi ɗalibi ɗaya, a miƙa masa makirfo, ya tambayi sunansa, ya bar shi ya faɗi hujjarsa. Da ya gama sai ya nemi wanda zai ba shi amsa, kuma can gaba za ka ji ya dawo da maganar ɗalibin farko da sunansa, ya ɗora ta kusa da ta masana falsafa irin su Bentham ko Kant. Wannan girmamawar ita ce ta fi burge ni, domin ɗalibin da hujjarsa ta rushe ba ya fita da kunya, ya dai gane inda take da rauni.

Kashin farko shi ne ya fi zama mini a rai. A cikinsa an kawo shari'ar Dudley da Stephens ta 1884 a Ingila: jirgin ruwa mai suna Mignonette ya nutse a tekun Atlantika, mutum huɗu suka tsira a ƙaramin kwale-kwale ba ruwan sha, kuma bayan kusan mako uku biyu daga cikinsu suka yanke shawarar kashe yaron jirgin, Richard Parker, mai shekara 17, aka ci namansa, kwanaki kaɗan kafin a cece su. Kotu ta same su da laifin kisan kai. Ɗalibai sun rabu: wasu sun ce ran mutum uku ya fi na ɗaya, wasu sun ce da an jefa ƙuri'a da babu laifi, wasu sun ce yardar yaron ce kaɗai za ta sauya hukuncin, wasu kuma suka tsaya a kan cewa kisa kisa ne ko ta halin ƙaƙa. Ina tare da na ƙarshen, amma sai da na saurari sauran na gane cewa faɗin “haramun ne” bai wadatar ba idan ba zan iya bayyana abin da ya sa yawan waɗanda za su tsira ba ya halatta jinin marar laifi ba.

A nan ne kuma na ga giɓin darussan. Malaman da aka gina su a kansu, daga Aristotle zuwa Locke, Mill, Kant, Rawls da Nozick, duk na Yamma ne, alhali Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna mas'alar jefa mutum ɗaya daga jirgin ruwa don sauran su tsira lokacin da yake bayanin iyakokin maslaha, kuma bai halatta ba, ko da da ƙuri'a ne. Wanda ya yi karatun usulul fiƙihu zai ji kamar ya taɓa bin hanyar nan, kuma zai so a ce an ba wannan gadon wuri a zauren.

Ɓangaren da ya shafi masana'antu da gwamnati ma yana da nauyi. Sandel ya kawo batun motar Ford Pinto ta shekarun 1970, wadda tankin manta kan kama da wuta idan an buge ta ta baya, inda lissafin riba da asara na kamfanin, kamar yadda ya gabatar da shi, ya sa dala 11 a matsayin kuɗin gyaran kowace mota, ya kuma ƙiyasta ran mutum a dala 200,000, sannan ya tambayi ɗalibai ko laifin yana cikin ƙarancin kuɗin ne ko cikin yi wa rai farashi tun farko. Muhawarar fifita wasu al'ummomi wajen shiga jami'a kuwa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san takaddamar tsarin kaso a Najeriya. Wasu batutuwan, kamar na auren jinsi a kashin ƙarshe, rigimar Amurkawa ce, kuma babu komai kan ƙirƙirarriyar basira, tun da an naɗi darussan kafin ta mamaye duniya.

Turancin Sandel a bayyane yake kuma ba ya sauri, sai dai wasu ɗaliban suna haɗiye kalmomi, don haka kunna rubutun ƙasan bidiyo yana taimakawa ƙwarai. Kashin da ya shafi Kant ya fi sauran tsauri, kuma yana bukatar a maimaita shi. Shawarata ga malaman makaranta, ɗaliban shari'a da masu aikin tsara manufofi ita ce su sauke bidiyon su kalla a ƙungiya, su riƙa dakatar da shi duk lokacin da Sandel ya jefa tambaya, kowa ya faɗi matsayarsa da hujjarsa kafin a ji ta ɗaliban Harvard.