Koyon Injin Sassaƙar Ƙarfe a Kaduna: Panteka ko Makaranta?

Duk wanda shaf ɗin injin niƙansa ya cinye, ko bushin ɗin motarsa ya ɓace a kasuwa, ƙarshenta wajen mai injin sassaƙar ƙarfe zai je: ƙarfe na juyawa, wuƙa na fere shi har ya dawo daidai awo. Sana'a ce mai ci. Amma kafin ka kai yaronka, ko kai kanka ka shiga, duba inda za ka zuba shekarunka.

Tsohuwar Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe da sauran sana'o'in hannu ta Kaduna, ita ce hanya mafi sauƙin kuɗi. Za ka fara da share ɓarɓashin ƙarfe da miƙa sifana, kuma tun makon farko idonka zai ga aikin gaske, mai kaya na tsaye yana jira. Hannu yana faɗawa da wuri a nan. Inda take da rauni shi ne lissafi. Wani ogan da kunne yake gane gudun inji, ya iya ƙwarai, amma ba zai iya faɗa maka dalili ba. Ƙarfe mai taushi da wuƙar HSS (wuƙar fira ta ƙarfe mai jure zafi) yana son gudun yanka na kusan mita 30 a minti, wato sanda mai kaurin milimita 50 ta juya wajen sau 190 a minti. Ka ninka gudun, bakin wuƙa ya yi shuɗi ya mutu. Wanda bai san wannan ba, ranar da aka kawo masa tagulla ko ƙarfen da bai saba da shi ba sai ya koma lalube.

Kwalejin fasaha, irin ta gwamnati da ke Malali, shekara uku ce bayan ƙaramar sakandare, a fita da takardar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa. Kadpoly kuwa, wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta samo asali tun 1956, tana ba da difiloma ta shekara biyu a injiniyancin injuna. Can za ka koyi karanta zane, da yankan zaren noti, da awo da ma'aunan kauri irin su baniya da maikuromita mai kama kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Masana'antu takarda suke fara tambaya. Sai dai ka bincika ɗalibi nawa ke layi a kan inji ɗaya, domin kallo ba ya koyar da hannu.

A ganina a haɗa biyun ya fi: makaranta da safe, shago da yamma ko lokacin hutu. Wanda karatu bai yiwu masa ba, ya nemi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago bayan ya ƙware.

Sayen inji tun ba ka iya ba, ban ba ka shawara ba. Tsofaffin Colchester da Harrison na Ingila suna da ƙarko, amma yawancinsu wuta mai layi uku suke ci, kuma gadonsu, wato dogon ƙarfen da mariƙin wuƙa ke zamewa a kai, kan zaizaye kusa da bakin da ke riƙe aiki.

Ko ina ka zaɓa, je ka tsaya rabin yini tukuna. Ka ce, "Oga, yaushe yaro ke fara taɓa inji a wurinka?" Ka lura ko ana barin makullin ɗaure aiki a bakin inji, ko akwai mai aiki da safar hannu ko riga mai faɗin hannu, ko ana jan ɓarɓashi da yatsa. Idan ka ga haka, nemi wani shagon, don injin nan in ya kama hannun riga ba ya saki.