Gargaɗi ga masu tsofaffin motocin gas: kada a cire muku injekta don mota ta ƙi mutuwa

Jama'a, masu tsohuwar Marsandi mai shan gas, irin 200D, 240D da 300D, da masu Fijo 504 da 505 na gas, a yi hattara da wani salon cuta da ya zama ruwan dare a wasu garejoji. Ka murɗa makulli, ka zare shi, inji na ci gaba da kaɗawa. Hankalinka ya tashi, ka garzaya wurin bakanike. Ko bonet bai gama ɗagawa ba zai girgiza kai ya ce, "Alhaji, ai injekta ce ta tafi, sai an sauke ta an kai wa masu saiti." Daga nan cutar take farawa.

Injin gas ba ya aiki da tartsatsin fulogi kamar na fetur. Muddin yana samun mai da iska, ba zai tsaya ba, ko ka cire kan batir (kuma kada ka cire, altaneta za ka lalata a banza). Abin da makulli yake yi kawai shi ne ya sa a toshe hanyar mai a injekta, wato famfon da yake tura mai cikin inji. A Marsandi samfurin W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, zuƙar iska ce take wannan aiki. Akwai famfon zuƙa a gaban inji, da siraran tiyo masu ruwan ƙasa da suke bi ta bayan makulli su dawo ga wani ɗan gwangwani a bayan injekta. Shi ne yake janye mai idan an kashe. Tiyo ya tsage, ko robar mahaɗa ta bushe saboda zafi da tsufa, shi ke nan, mota ta ƙi mutuwa. Wannan zuƙar ce kuma take taimakon burki da makullan ƙofofi, shi ya sa wani lokaci yoyon yana cikin ƙofa ne, can nesa da inji.

Macucin ya san duk wannan. Zai sauke injektarka ta Bosch mai lafiya, ya riƙe motar kwanaki, ya sauya ɗan guntun roba, ya caje ka kuɗin saiti da na kayan da bai saya ba. Wanda imaninsa ya fi ƙaranci ma musanya ta zai yi da gajiyayya da aka wanke da fetur, taka kuma ta tafi kasuwa a matsayin kayan Beljiyam. Motar za ta riƙa mutuwa da makulli, ka yi ta godiya, sai bayan makonni ka ga baƙin hayaƙi da wahalar tashi da safe.

Kafin kowa ya ɗora sifana a kan injekta, a yi gwajin nan a gabanka. A Marsandi, kusa da murfin inji akwai ɗan hannu mai rubutun STOP. Danna shi. In inji ya mutu nan take, injekta tana yanke mai yadda ya kamata. Sannan a zare tiyon gwangwanin a zuƙe gwangwanin da ɗan famfon hannu, inji na aiki. In inji ya mutu, laifin yana tiyo ko bayan makulli. In an ga baƙin mai a cikin tiyon, robar cikin gwangwanin ce ta fashe, shi kaɗai za a sauya, ba tare da an sauke injekta ba. Sai dai a ba wanda ya iya, domin in ƙugiyarsa ba ta kama daidai ba, inji na iya kwasa da gudu da zarar an tayar.

Motocin da ke da injekta mai juyi, kamar tsohuwar Golf ta gas da yawancin Fijo, su kuma solonayi ne, wato ɗan bawul na lantarki mai waya ɗaya, yake buɗe hanyar mai ya kuma toshe ta. Ka buɗe makulli za ka ji ya yi ƙas. A nan dillalai ne abin tsoro: solonayi ya ƙone, sai su zare ɗan sandan cikinsa don mota ta riƙa tashi, amma makulli ba zai ƙara kashe ta ba. Wajen gwaji za ka ga dillali ya sa giya ya saki kulochi ta mutu, yana jan ka da hira. Karɓi makullin ka kashe da hannunka.

In har dole sai an sauke injekta, ka ɗauki hoton farantin lambarta da wayarka a gaban bakaniken, ka kuma sa mata wata alama da fenti a inda ba zai lura ba.

Abu guda ne ba a jira a kansa. In inji yana ƙara gudu da kansa, hayaƙi fari ko shuɗi na tuɗaɗa ta salansa, to baƙin mansa yake sha, galibi ta turbo, kuma STOP ba zai tsayar da shi ba. Taka burki, sa babbar giya, saki kulochi. In mai giyar atomatik ce, a toshe bakin shigar iska da katako mai faɗi, ba da tafin hannu ko tsumma ba.