Gargaɗi ga masu aikin iska da fanka a Katsina: ana sayar da bututun fito (pitot, na awon gudun iska) na jabu

Jama'a don Allah masu aikin AC da masu haɗa bututun iska na injin shinkafa ku kula, akwai wani mutum da ke tallar bututun fito haɗe da mitar awon matsin iska a guruf-guruf na WhatsApp, yana cewa tokumbo ne daga Dubai. Ni ya ci ni naira dubu 85 sati biyu da suka wuce, mun haɗu wajen Ƙofar Ƙaura ya miƙo mani a kwali mai kyau har da takardar shaida, yau lambar tashi a kashe take.

Ga inda matsalar take. Fito na gaskiya bututu biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Ramin baki da ke kallon iska shi ke ɗaukar jimillar matsi, su kuma ƙananan ramukan da ke kewaye da jikinshi su ke ɗaukar matsin da ke danna bango ko da iskar ba ta tafiya, mita ta cire wannan daga wancan, abin da ya rage shi ne matsin gudu. Sai ka ɗauki sikwaya rut ɗinshi ka ninka da 1.29 in da faskal (ma'aunin matsi) kake awo, ya ba ka mita nawa iskar ke yi a sakan. Wannan 1.29 na iska mai nauyin kilo 1.2 a kubik mita ne, da zafin nan namu na Afrilu iskar ta fi haka sauƙi sai ka ɗan gyara.

To nashi ba ramukan gefe ko ɗaya wallahi! Ƙarfe ne kawai aka lanƙwasa, bakin tiyo na biyu, wanda ya kamata ya kai ma mita matsin bango, walda aka yi mashi don ado, a toshe yake. Na je aiki wani injin shinkafa a hanyar Dutsin-ma, mita ta nuna 240, na buga lissafi ya ba ni mita 20 a sakan, na ce ma mai injin Alhaji fankarka lafiya lau take. Ya ce to Malam me ya sa ƙaiƙayi ke taruwa a bututun kullum? Abin ya dame ni ƙwarai, washegari na aro na maigidana da ya koya mani aiki, a daidai wurin da na auna da farko ya nuna 60, wato mita 10 kacal. Sauran 180 ɗin matsin bango ne da ba a cire ba. Rabi fa, kuma da bakina na ce ma bawan Allah kayanshi lafiya.

Kafin ka biya ka ɗaga shi a rana ka nemo ramukan nan, ka toshe bakin da yatsa ka hura ta bakin tiyo na gefe, dole ka ji iska na fita ta jikinshi, amma ka cire mitar tukuna kar ka lalata ta. Na ji an ce ya nufi Daura da sauran kayan, duk mai abokin aiki a can ya tura mashi wannan.